Tuwon Gayyar da 'Yan Jam'iyya Suka Cinye

Ruwa ya ɗauke a Garwa makon jiya. Ban jira rediyo ya gaya mini ba, gwiwoyina sun riga shi. Yau da safe ina zaune a ƙofar gida a nan unguwar Pumpumre, sai ga wata mota ta wuce da samari maƙil a bayanta, kowa da addarsa da ƙullin kayansa. Na tambaya aka ce garin Kayele za su, dashen masakwa, wato dawar rani. Mu nan bakin Binuwai an bar wannan aikin tun da aka tare kogin da madatsa, ruwa ya daina hawa fadama yadda ya saba. Jikokina ba su san masakwa ba sai a buhu. Ni kuwa ganin motar nan kawai, sai warin laka da tokar ciyawa ya cika mini hanci, na koma shekarar da Faransawa suke haɗa kayansu za su tafi. A shekarar ce na fara jin ƙyashin ƙanena Ilu, kuma har yau ban gama ba, ga shi kuwa yana kwance a ɗakin da ke jikin nawa, ina jin tarinsa.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo da jakunansa yana fataucin kanwa da goro, ya yi aure a Garwa ya zauna. A nan aka haifi Baba, a nan ya yi furfura, amma in gardama ta tashi a kasuwa sai ka ji wani ya ce masa, "Ku baƙi ba ku da ta cewa." Baba ba ya tankawa. Sai dai ranar in aka kawo tuwo, loma kaɗan zai yi ya tsame hannu.

Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, makarantar Faransawa, unguwa ta ɗauki kuka kamar an yi mutuwa. Baba ya dube mu. Ni ƙato ne tun ina ƙarami, ina ɗaukar dami ni kaɗai. Ilu kuwa siriri, ga yawan zazzaɓi, in ya riƙe fartanya sai ka ji tausayin fartanyar. Ba a yi doguwar shawara ba aka miƙa shi. Na tuna har gwalo na yi masa ranar da dogari ya ja hannunsa yana ihu. Inna ta ce mini ni aka ajiye saboda ni ne mai amfani, na kuwa yi shekaru ina tafiya da maganar nan kamar an naɗa mini rawani.

Daminar da nake ba da labari, ruwa ya yi yawa har ya zama masifa. Binuwai ya cika ya tumbatsa, ya shiga gonarmu daidai lokacin da dawa ta fara fid da kai, ya zauna a ciki har ta ruɓe a tsaye. Gyaɗa ma ta bi ta. Inna ta fara shiga rumbu da kanta, ba ta aiken kowa, don kada mu ga inda hatsi ya tsaya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Da safe kunu ne tsararo, kana sha kana hango gindin ƙwarya. Ƙanwarmu Hajjo tana bin matan unguwa cikin tabkuna suna ɗibar bado, a shanya a daka a haɗa da ɗan gari don ya yi auki. Ni kuma ina laluben tarwaɗa a kududdufan da ruwa ya bari. Sauro kamar ka kwasa da hannu. Zafin bayan damina kuwa, wanda ya san Garwa ya san shi. Iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa a jiki, ga yunwa tana murɗa ciki tun kafin azahar.

Abin da ya hana mu fid da rai shi ne masakwa. Ruwan da ya ci mana dawa shi ne ya jiƙa mana karal, wato baƙar lakar fadama, ya jiƙa ta yadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Masakwa ba ruwanta da ruwan sama. Ana renon irinta a tudu tun cikin damina. In ruwa ya janye a sare ciyawar fadama a ƙone, sannan a tuge irin, a datse masa ganye da saiwa, a kai a dasa. Mutum ɗaya yana gaba da ƙaton sanda mai tsini yana huda laka, wani yana biye yana zuba ruwa a ramin, na uku yana saka iri. Daga nan raɓa da sanyi su ne za su rene ta har ta nuna. Sai dai lakar ba ta jiran kowa. In ka yi jinkiri ta bushe ta tsattsage, to sai baɗi. Irin kuma da zarar an tuge shi, kwanansa a hannu kaɗan ne.

Ni na reni irin nan da hannuna. Ni na sare ciyawar, ni da wani mutumin dutse daga wajen Mora mai suna Bitrus, wanda yakan sauko kowace kaka neman aiki ya sauka a zaurenmu. Muna fita tun raɓa ba ta kaɗe ba, mu dawo jiki duk ƙaiƙayi, ido ya yi ja saboda hayaƙi.

Ilu kuwa ƙafarsa ba ta san laka ba a kwanakin nan. Gari ya ɗauki zancen 'yanci. Duk inda ka zauna sai andefandans, har tsofaffin da ba su da haƙori suna lanƙwasa harshe su faɗa. 'Yan jam'iyya suna bin kasuwa-kasuwa a bayan kamyo, babbar motar kaya, da tuta mai kore da ja da rawaya, suna cewa daga bakin teku har tabkin Cadi ƙasa ɗaya ce, babu Bafulatani, babu Bahaushe, babu mutumin dutse, kowa ɗan Kamaru ne. Manyansu Faransanci suke yi, suna bukatar wanda zai juya wa jama'a. Ilu yana da Faransancin lakwal, yana da Fulatancin titi, yana da Hausar gida. Suka ɗauke shi, suka ɗinka masa farar riga da wando, suka ba shi wani bututun gwangwani da ake magana a ciki murya ta yi nisa. Yaron da tari ke kayarwa, sai ga shi tsaye a saman mota, 'yan mata suna nuna shi da baki.

Kada a yi mini ƙarya, ban ƙi 'yanci ba. Na taso ina jin yadda kumanda, baturen mulki, ya riƙa kwasar iyayenmu aikin hanya da bulala, ni ma ina so su tattara su tafi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne irin kallon da Baba yake yi wa Ilu in ya dawo da yamma. Zai matsa masa a tabarma ya ce, "To, Malam Iliyasu, yau me manya suka ce?" Malam fa! Ni kuwa in shigo da toka har gira, abin da zan samu shi ne, "Sale, wanke ƙafa kafin ka taka tabarma."

Wata rana Ilu ya tsaya yana yi wa Bitrus bayani a zaure. Ya ce masa, "Ni da kai yanzu 'yan'uwa ne, uwarmu ɗaya, ita ce Kamaru."

Bitrus ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Ita uwar nan, tana dafa abinci?"

Na yi dariya har na ƙware. Baba ko murmushi bai yi ba, ya ce mu bar yaro ya yi magana, mu ba mu san abin da duniya take ciki ba.

Karal ɗinmu ya fi ƙarfin mutum uku, don haka Baba ya kira gayya, abin da maƙwabtanmu Fulani suke ce wa surga. A lokacin dashe kowane gida da ranarsa, an jera su ɗaya bayan ɗaya, ana tsere da bushewar laka. Wanda ranarsa ta wuce, ta wuce. Na bi samari gida-gida, kowa ya ce Allah ya kai mu. Aka yi magana da makaɗi. Ita gayya ba a biyan kowa, amma dole a ci a ƙoshi, in ba haka ba baɗi ko kare ba zai leƙo gonarka ba. Inna ta shiga rumbu ta share shi tas, har da tsintsiya. Baba ya ce a yanka akuyar da ta rage mana. Duk abin da muke da shi muka ɗora a kan rana ɗaya, da fatan kafin faɗuwarta karal ya cika da iri. Ana gobe gayya, ni da Bitrus da Hajjo muka tuge irin gaba ɗaya, muka ɗaure dami-dami, muka jera a inuwa muka yayyafa masa ruwa.

Muna dawowa da la'asar sai na jiyo muryar Ilu cikin bututu daga bakin kasuwa. Wani babban jagora da ake ta jira daga kudu, wanda aka ce sai mako mai zuwa, ashe gobe jirginsa zai sauka. Duk mai kishin ƙasarsa ya fito filin taro tun da safe. Ya faɗa da Fulatanci, ya maimaita da Hausa, da wata murya mai daɗi da ban san yana da ita ba.

Na tare shi a ƙofar gida. "Ilu, ka san gobe gayyarmu?"

"Na sani, Hamma. Ba ni na sa ranar ba." Hamma yake kirana, wato yaya da Fulatanci.

"An tuge iri."

"A ɗaga zuwa jibi mana."

"Jibi ta gidan Malam Buba ce, gata ta wani. Su ma ka hau mota ka ɗaga musu?"

Ya gyara wuyan farar rigarsa ya ce, "Hamma, masakwa kowace shekara ana dasa ta. Ƙasa kuwa sau ɗaya ake karɓarta."

Maganar ta yi mini ciwo. Na juya wajen Baba, ina tsammanin zai tsawata masa. Sai ya ce, "Masu zuwa za su zo, Sale. Kada ka ɗaga mana hankali."

Washegari muka isa karal rana ba ta fito ba. Muka tsaya muna duban hanya. Mutane suna ta wucewa, amma duk fuskarsu gari take kallo, kowa cikin rigarsa ta sallah. Makaɗin da muka yi magana da shi ya zo ya wuce da gangarsa a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu daga nesa kamar bai san zancen ba. Tsofaffi biyu kawai suka zo, su ma don ƙafarsu ba za ta kai su fili ba. Na ɗauki sanda na fara huda, Bitrus yana jido ruwa, Hajjo da tsofaffin suna sakawa. Da hantsi jirgi ya wuce ta kanmu. Jim kaɗan muka fara jin ihun jama'a yana zuwa yana komawa tare da iska, da kiɗan da ya kamata a ce a bayana ake yin sa. Ina ɗaga sanda ina cakawa, ina hango Ilu a zuciyata tsaye kusa da babban mutum, gari duk yana sauraron bakinsa. Ban taɓa huda rami da sauri kamar ranar ba, don haushi ne yake aikin.

Azahar ta yi abinci bai zo ba. Tsofaffin suka fara duban juna. Na ajiye sanda na nufi gida in ɗauko da kaina, ina lissafin cewa tunda gayya ba ta taru ba, aƙalla tuwon zai riƙe mu mu ƙarasa aikin a hankali.

Tun daga nesa na hango kamyo a ƙofarmu, da tutar nan a jikinta. Zaure ya cika ya batse har waje. Masu manyan riguna da masu kwat sun zagaye akusanmu, hannu yana shiga yana fita, ƙashin akuyarmu yana tashi sama yana sauka a ƙasa. Ashe da aka tashi daga taro, manyan jam'iyya na gari da waɗanda suka rako baƙon suna neman inda za su ci abinci, Ilu ya ce ai gidansu an yi girki. Baba yana tsaye cikin rigarsa ta Juma'a yana zuba musu ruwa da hannunsa. Wani mai tabarau ya ɗago kai ya yi magana da Faransanci, Ilu ya juya: wai ya ce da irin gidajen nan za a gina Kamaru, kuma Baba ɗan ƙasa ne na asali, uban 'yan ƙasa. Na ga idon Baba ya kawo ruwa. Sai ya hango ni a bakin ƙofa.

"Sale, zagaya ta baya, jikinka duk laka."

Na zagaya ta baya. Na tarar da Inna a madafa tana kankare tukunya. Ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ce, "Babanka ya ce baƙonka Annabinka." Ta tara ƙanzo a ƙwarya, ta ɗauraye tukunyar miya ta zuba a kai, ta miƙo mini. Da shi na koma karal. Bitrus ya leƙa ƙwaryar, ya saurari abin da ya faru, ya ce, "To, uwar tamu ta zo ta ci nata." Tsofaffin suka ci ƙanzo, amma washegari ba su dawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mu uku muka rage, ciki ba komai sai kunun bado. Kullum lakar tana ƙara tauri, irin yana ƙara yin rawaya a inuwa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Hajjo ta yaga bakin zaninta ta ɗaure mini. Ruwan ma sai da ya yi nisa, don kududdufin kusa ya ƙafe, Bitrus yana dawowa da tulu wuyansa yana karkarwa. Har ta kai in na caka sanda sai ya dawo mini kamar na daki dutse. Ranar da na ga tsaga ta buɗe yadda ƙafata za ta shige, na san an gama. Rabin karal muka dasa. Sauran irin na tara shi a gefe ya bushe, ko akuyar da za ta ci babu.

In faɗi gaskiya, Ilu ya zo karal sau ɗaya. Da yamma ya iso, ya tuɓe farar rigar ya rataye a ƙaya, ya karɓi tulu daga hannun Bitrus. Ya jidi ruwa har magariba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, Baba kuwa ya kira ni ya ce, "Kai ba ka da tausayi ne? Ka san ba shi da ƙarfi, ga mutane suna jiransa." Ni ban kira shi ba, amma ni na sha faɗan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sanyi ya shigo, masakwar da ta samu shiga ta yi kore shar a tsakiyar busasshiyar fadama, abin sha'awa. Ranar da aka sauke tutar Faransawa aka ɗaga tamu, ina kan rumfar tsaro a gona ina korar tsuntsaye, don kan masakwar ya fara cika, in ka ɗauke ido sai su yi maka sussuka. Ina gaigayar goruba ina jin harbin bindiga da guɗa daga gari. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba, har na miƙe tsaye a kan rumfar ni kaɗai kamar wani wawa. Da na koma gida Hajjo ta ce Ilu ne a sahun gaba, Baba kuma an ba shi kujera a inuwa.

Da muka yi girbi, abin da aka samu bai kai rabin rumbu ba. A makon ne aka ce jam'iyya ta samo wa Ilu wuri a Yawunde. Baba ya sa aka zaɓi kawunan da suka fi kyau, aka sussuke aka cika buhu, ya ce a ɗora masa a mota don abincin kudu ba zai karɓe shi ba. Ni na ɗauki buhun a kaina har tasha. Bazarar nan mun sake komawa tuwo sau ɗaya a rana.

Daga baya na fahimci abin da mutanen nan suka ba Baba a zaure. Tun daga ranar, in wani ya ce masa baƙo a kasuwa, sai ya yi murmushi ya ce ɗansa yana Yawunde yana aikin ƙasa, ya dawo gida ya cinye tuwonsa tas. Wannan masakwata ba za ta iya ba shi ba, ko da na cika rumbu goma. Na fahimta sarai, amma fahimtar ba ta rage mini komai ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi wa Ilu takin da ya ishe shi. Ya yi ofis, ya yi mota, yana zuwa da sallah yara suna bin sa. Ni na zauna na ciyar da Baba har ƙarfinsa ya ƙare, na yi jinyarsa, na sa shi a kabari. Ilu yana wata tafiya da manya a lokacin, sai bayan an share makoki ya iso.

Yanzu ya ajiye aiki da daɗewa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Bara ya dawo Garwa da jakarsa da ƙullin magunguna, ya ce gidan Hamma zai zauna. Ina zan kai shi? Tuwona yake ci har yanzu.

Da motar samarin nan ta wuce na shiga wajensa, na same shi zaune a bakin gado. Ya ce, "Hamma, lokacin dashe ya yi ko?"

Na ce, "Ya yi, ga waɗanda suka san shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya shiga murza yatsunsa. Can ya ce, "Shekara da shekaru ina so in tambaye ka wani abu, ina jin tsoro. Da Baba zai cika, ya ambace ni?"

Ga dama ta zo mini har gida. Inna ta tafi, Hajjo ta tafi, babu sauran shaida a duniya sai ni. In na ce a'a, shi ke nan, na rama tuwona. Na dube shi, tsoho, wuya duk jijiya, yana kallon bakina yadda gari ya taɓa kallon nasa. Wallahi na so in ce a'a. Amma ba a yi wa mamaci ƙarya.

Na ce, "Ya ambace ka. In ya ji ƙarar mota sai ya ce a duba ko kai ne. Ranar ƙarshe ya ce a gaya maka ya yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka."

Ilu ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi ya yi ya gama. Da ya share ido sai ya ce, "Kai fa, Hamma? Me ya ce maka?"

"Ni? Ya ce rana ta faɗi, in je in shigo da awaki."

Na kuwa je na shigo da su.